ZARE: Ralin kakana da aka kusa sayar wa 'yan gwangwan 🧵

1/ Hutun da ya wuce na dawo gida na tarar an fito da tsohon keken kakana daga sito, ana jiran 'yan gwangwan su auna shi a kilo. Na ce wallahi ba za ta saɓu ba. Ku biyo ni ku ji dalili.

2/ Keken Raleigh ne, wanda iyayenmu ke kira Rali. Sunan wani titi ne a birnin Nottingham na Ingila, inda wani ɗan ƙaramin shago ya fara haɗa kekuna a 1885.

3/ Wani attajiri, Frank Bowden, rashin lafiya ta kwantar da shi, likita ya ba shi shawarar hawan keke. Ya hau, ya samu sauƙi. Sai ya bi sawun masu shagon ya zuba jari, aka kafa Raleigh Cycle Company a 1888. Tsuntsun da ke goshin keken kuwa zalɓe ne, tambarin gidansu.

4/ Daga nan kamfanin ya yi ta haɗiye abokan gasa: Humber a 1932, Rudge a 1943, sashen kekunan BSA a 1957. A 1960 ya haɗe da masu Hercules da Phillips. Shi ya sa kayan gyaransu ke kama da juna.

5/ Afirka babbar kasuwarsu ce. Har talla suka yi ta wani mutum a kan Rali ya tsere wa zaki 😂 Daga baya ma an buɗe masana'antar Raleigh a Kano. Kakana ya ce a zamaninsu mai Rali sai an ba shi hanya, kamar mai sabuwar mota yau.

6/ Me ya sa ya daɗe? Ƙarfe ne zalla, taya inci 28, birkin sanda ba na waya ba, sarƙa a rufe kar ƙura ta ci ta. Kusan komai da noti aka ɗaure. Ma'ana, tun asali an yi shi don a gyara.

7/ Na kai shi wajen wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu. Ya goge cibiyar tayar baya, sai ga rubutu: Sturmey-Archer, 64 3. Ya ce, "Ɗana, shekara da wata ke nan." Maris 1964! Ya girmi Babana.

8/ Sarƙa muka jiƙa a kalanzir, tsatsa muka bi da soson ƙarfe da man inji a hankali, muka sa sabon boris da giris. Na so a sake fenti, dattijon ya hana. Wai in ka shafe layin zinaren nan, ka shafe shaidarsa.

9/ Ita masana'antar Nottingham ta daina haɗa keke tun 2002. Irin wannan in ya shiga tukunyar narka ƙarfe, ya tafi ke nan.

10/ Ranar da na tura shi tsakar gida na kaɗa ƙararrawa, kakana ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce da shi ya je gaisuwar surukai.

11/ Ku leƙa sito da bayan ɗaki kafin mai kilo ya riga ku. Wanda ya samu, ya duba cibiyar baya ya turo mana hoto a ƙasa 👇