Tunawa da Baba, Manomin da Ya Ba da Filin Majami'a

In ana rubuta tarihin ikilisiya akan jera sunayen fastoci da masu bishara, a manta da waɗanda suka ciyad da su. A wannan biki na cika shekara 50 mun ga ya kamata mu keɓe shafi domin dattijonmu marigayi, wanda babba da yaro ke kira Baba. Tun yana yaro har Ubangiji ya kira shi gida bai taɓa yin wata sana'a ba sai noma.

An haifi Baba a ƙasar Kunci zamanin En'e, a gidan Maguzawa, inda uba da 'ya'ya da ƙanne suke noma gandu ɗaya, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa. Ƙasarmu ba irin wadda ake barin gona ta huta ba ce, gama mutane sun yi yawa, gona tana manne da gona. Abin da ke riƙe ta shi ne taki. Da rani Baba yakan kwashe na awaki da tokar murhu, ya yi ta kaiwa a mangala bisa jaki, ya kuma shirya da Fulani shanunsu su kwana a gonarsa su ci kara. Gero da dawa da wake da gyaɗa duk a gona ɗaya yake shuka su, domin in wani ya ƙi wani ya yi. Bai yarda a sare gawo ba, gama gawo yana kaɗe ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, hatsin gindinsa kuwa ya fi na ko'ina kyau.

A lokacin ƙuruciyarsa gyaɗa ce kuɗi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka shiga sayenta ana kaiwa Turai, har aka yi dalar gyaɗa. Da kuɗinta ake biyan haraji, a yi aure, a sayi riga. Sai fari ya zo a 1972 da 1973, sa'an nan a 1975 darɓa ta kawo kuturun gyaɗa, ya cinye gonaki. Daga nan gyaɗa ba ta komo yadda take ba. A cikin waɗannan shekaru na wahala ne mai bishara da ya yi karatu a Tofa ya fara zuwa yana tara mutane a gindin itace, ikilisiyar nan kuma ta kafu.

Baba yana cikin na fari da suka ba da gaskiya, kuma abin bai zo masa da sauƙi ba. Ya ƙi sa hannu a yankan da ake yi kafin shuka, ya ƙi fita gona ran Lahadi, ko da an kwana ana ruwa kowa ya saɓi sungumi. Manyan gida suka ce wanda ba ya bin al'adar gandu ba zai ci daga rumbun gandu ba, suka ware shi da abin da ya samu na rabo. Babbar jarabawa kuwa ita ce gayya. A al'adar wancan lokaci ba a kiran gayya sai an dafa giya. Baba ya kira tasa, Mama ta dama kunu da fura, mutane kaɗan ne suka zo. Shekarar nan ciyawa ta kusa fin ƙarfinsa. Masu bi, da ba su da yawa, suka shiga zagayawa suna yi wa juna maimai da huɗa, daga nan ne gayyar ikilisiya ta samo asali, wadda 'yan Zumuntar Mata suka riƙe shekaru da yawa.

Daga cikin wannan ɗan rabo ne ya yanki gefen da ke bakin hanya ya ce a yi ɗakin sujada. Wanda ya tashi a birni ba zai gane nauyin wannan kyauta ba. A nan ƙasar, kunya goma ma ana zuwa gaban mai gari a kanta. Aka kafa rumfar kara, daga baya aka yi ginin ƙasa, kafin na kwano da muke ciki yanzu. A rumfar nan ya koyi karatu da furfura ta fara fito masa, yana bin Littafi Mai Tsarki da yatsa. Da aka buɗe makarantun UPE a 1976 ya sa 'ya'yansa, har da mata, ko da yake hannun noma ya ragu masa.

Ya ga sauye-sauye da yawa. Ya ga Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, ya ga zuwan takin zamani da garmar shanu da malaman gona na KNARDA. Takin zamani ya karɓa, amma bai bar na gida ba, yana cewa na buhu na shekara ɗaya ne. Mu dai a ganinmu gaskiyarsa ce. Ba ya sayar da hatsi da kaka sai ya ga na baɗi ya yi kai. Shi ya sa da fari ya sake komowa a 1984 akwai tsohuwar dawa a rumbunsa. Ya buɗe, ya auna wa gwauraye da maƙwabta, Kirista da Musulmi da danginsa da suka ware shi a dā, bai rubuta bashi ba. Fastocin da suka yi aiki a nan sun san cewa sau da yawa albashinsu damin Baba ne, wanda yake fitar da zakkarsa tun a gona kafin a kai gida.

Bayan rasuwarsa an raba gonar, yawancin 'ya'ya da jikoki suna Kano da Kaduna, biyu ne kaɗai suke noma. Filin majami'a kuwa da baki ya ba da shi, shaidun da suka tsaya a ranar saura ƙalilan. Dattawan ikilisiya sun zauna da iyalinsa, sun amince a rubuta takarda a sa hannu gaban mai gari kafin shekara ta ƙare. A sujadar godiya, bayan baiko, jikokinsa za su shigo da damin dawa daga gonar, muna roƙo kowa ya miƙe tsaye.