SS Sudan: Jirgin tururin da ya rage daga zamanin Thomas Cook a Kogin Nilu

SS Sudan jirgin ruwa ne mai aiki da tururi da ke ɗaukar masu yawon buɗe ido tsakanin biranen Luksor da Aswan a kudancin Masar, tafiyar da ta ɗan haura kilomita 200. An ƙera shi a garin Paisley na Sikotland, aka kammala shi a 1921 domin kamfanin Thomas Cook na Birtaniya. Har yau tsohon salon aikinsa bai sauya ba: ana tafasa ruwa a tukunya, tururin ya motsa inji, injin kuma ya juya manyan ƙafafu masu filafilai guda biyu da ke gefensa, su ne ke tunkuɗa ruwa jirgin ya ci gaba.

Tafiyar takan ɗauki 'yan kwanaki, domin jirgin ba ya sauri. Yana ratsa mashigar madatsar Esna, ya tsaya a Edfu da Kom Ombo, inda fasinjoji ke sauka su ga wuraren bautar Misirawan dā. Masu tallata shi sun fi jingina da sunan Agatha Christie, marubuciyar da ta wallafa Death on the Nile a 1937. An ma ɗauki fim ɗin talabijin na labarin, wanda aka nuna a 2004, a cikinsa.

Abin da tallar ba ta cika ambata ba shi ne yadda wannan kasuwanci ya ginu. Thomas Cook ya fara kai Turawa Nilu a 1869, kuma cikin ɗan lokaci gwamnatin Khedive Isma'il ta damƙa wa kamfanin harkar jiragen fasinja a kogin. A 1884, bayan Birtaniya ta mamaye Masar da shekara biyu, wannan kamfanin na yawon shaƙatawa ne ya yi jigilar dubban sojojin da aka tura ceto Janar Gordon, wanda dakarun Mahadi suka yi wa ƙawanya a Khartoum. Sun isa a makare, an riga an kashe shi a Janairun 1885.

Kamfanin Thomas Cook ya durƙushe a Satumban 2019. Jirgin kuwa yana nan yana aiki, a hannun kamfanin Faransa mai suna Voyageurs du Monde, wanda ya gyara shi a farkon shekarun 2000. Ɗakunansa ba su kai 30 ba, kuɗin kwana a cikinsu kuma ya fi ƙarfin mafi yawan manoman da ake hangowa a gaɓar kogin.