Wasan Ƙwallon Coktawa a Zanen George Catlin

A taskar zane-zane ta Smithsonian da ke birnin Washinton akwai wani hoto na fentin mai, wanda duk mai dubansa da farko zai ɗauka fagen fama aka sawwara, domin ga ɗaruruwan mazaje daga su sai bante sun cure a wani fili mai ciyawa, wasu na tsalle, wasu sun sarƙe da kokawa, kowa da sanduna biyu a hannu. Alhali kuwa abin da ya tara wannan jama'a bai wuce wata 'yar ƙwallon fata ba, wadda ko tafin hannu ba ta cikawa. Mai zanen shi ne George Catlin, wanda aka haifa a jihar Pensilbaniya a 1796, ya karanci shari'a har ya taɓa aikin lauya, sa'an nan ya yi watsi da shi, ya ƙudurta a ransa cewa sai ya sawwara ƙabilun asali na Amurka, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, saboda ya yi i'itiƙadin cewa ajalin al'adunsu ya gabato. A 1834 tafiyarsa ta kai shi ƙasar da yau ake kira Oklahoma, inda ya riski ƙabilar Cokto suna wasansu.

Bisa ga bayanin da ya rubuta a littafin da ya buga a 1841, 'yan wasan sukan kai ɗari shida, wani lokaci har dubu. A kowane gefen fili akan kafa dogayen itatuwa biyu masu tsawon kamar ƙafa 25, a gitta wani a samansu, kuma duk ɓangaren da ya riga jefa ƙwallo sau 100 tsakanin itatuwan shi ne ya yi rinjaye. Haramun ne a taɓa ƙwallon da hannu. Sai dai a cafe ta tsakanin sandunan nan biyu, waɗanda aka tanƙwara kansu kamar ludayi aka saƙa musu raga da tsirkiyar fata. Adon ɗan wasa kuwa ɗamara ce ta duwatsun ado, da wutsiya ta farin gashin doki a bayansa, da geza a wuya.

Amma wanda ya ga ranar wasa kaɗai bai ga komai ba, don al'amarin tun daren jajibiri yake somawa. A wannan dare akan yi ta rawa kewaye da itatuwan, ana kaɗa sanduna da juna, mata kuma su jeru suna waƙa, bayan sun tara abin da aka sa caca a kansa, wato wuƙaƙe da barguna da tukwane da bindigogi da karnuka da dawaki, an danƙa wa amintattu su kwana suna gadi. A tsakiyar fili kuwa dattawa huɗu, waɗanda su ne alƙalan gobe, suna zaune suna shan lofe suna roƙon a ba su ikon yin hukunci da adalci. Ba abin mamaki ba ne da aka girmama wasan haka, tun da yake da shi garuruwa kan warware husuma maimakon zub da jini, har ana yi masa kirari da ƙanen yaƙi.

Abin da hoton bai nuna ba, kuma a ganina shi ne mafi nauyi, shi ne cewa waɗannan masu tsalle baƙi ne a filin da suke tsalle. A 1830 shugaba Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kwashe ƙabilun gabas zuwa yammacin kogin Misisipi, kuma a watan Satumba na wannan shekara aka matsa wa shugabannin Coktawa suka amince da mu'ahadar Dancing Rabbit Creek, wadda ta raba su da eka wajen miliyan 11 na ƙasar kakanninsu. Daga 1831 zuwa 1833 aka yi ta kora su rukuni-rukuni, sanyi da yunwa da annobar kwalara suka hallaka dubbai a hanya. Ashe ke nan mutanen da Catlin ya zana, makokinsu bai daɗe da ƙarewa ba sa'ad da suka kafa itatuwan wasa.

Shi kansa mai zanen bai ci ribar wahalarsa ba. Ya baje hotunansa a Niyok a 1837, da Landan a 1840, da Faris a 1845, ya yi ta roƙon majalisar Amurka ta saye su ta ƙi, har bashi ya durƙusar da shi a 1852, wani attajirin Filadelfiya mai ƙera kawunan jirgin ƙasa, Joseph Harrison, ya biya bashin ya kwashe hotunan ya jibge a masana'antarsa. Catlin ya rasu a 1872, sai a 1879 matar Harrison ta ba da su kyauta ga Smithsonian.

Game da hasashensa na ƙarewar al'adunsu kuwa, bai tabbata ba. Wani kaso na Coktawa sun ƙi barin ƙasar kakanninsu a jihar Misisipi, kuma zuriyarsu har yanzu suna shirya gasar wannan wasa kowane watan Yuli a bikinsu na shekara, inda ƙungiyoyin garuruwansu kan kara da juna, 'yan wasa talatin a kowane ɓangare, har da masu zuwa daga Oklahoma.