Nazari Kan Hanyoyin Gane Tsohon Alƙur'ani Rubutun Hannu

Idan muka ce tsohon rubutun hannu, muna nufin Alƙur'anin da alaramma ya rubuta da alƙalamin kara da tawada kafin injin ɗab'i ya yaɗu a ƙasar Hausa. Bugu kuwa shi ne hoton irin wannan rubutu da maɗaba'a ta yawaita, irin wanda ake samu a hannun masu sayar da littattafai a zangon Agege da Mile 12 a Legas. Da yake duka biyun warwara suke zuwa, babu ɗinki, a cikin gafaka, wato jakar fata ta rataya, kallo ɗaya ba ya raba su. Saboda haka muka kasa shaidun tantancewa kashi uku: takarda, tawada da hannu.

Shaida ta farko ita ce tambarin ruwa, wato alamar da masana'anta ke sakawa a jikin takarda, wadda ba ta bayyana sai an ɗaga ta ga haske. Yawancin littattafanmu na ƙarni na 19 an rubuta su ne a kan takarda mai jinjirin wata uku, wadda gidan Galvani na Pordenone a Italiya ya shahara da yi, fatake suka ƙetaro Sahara da ita ta Tarabulus da Masar. Sai dai tambarin yana nuna zamanin takardar ne kawai, domin tana iya daɗewa a ajiye kafin alƙalami ya hau ta.

Ta biyu ita ce tawada. Wadda aka haɗa da bagaruwa takan koma ruwan ƙasa idan ta tsufa, tana kauri inda aka tsoma alƙalami, tana dishewa kafin a sake tsomawa. Wasulla ja ne, hamza rawaya, kowane launi da nasa zama. Tawadar bugu kuwa shimfiɗe take bai ɗaya. Ta uku ita ce hannu, wato salon harafi, Barnawi ne ko na Kano, tare da sunan marubuci da shekarar Hijira idan ya sa su a ƙarshe.

Haka masana hotunan bugun katako na Japan suke yi da ayyukan mai zane Hokusai: sukan auna takarda da hatimin mai bugawa da cinyewar layukan katakon, ba sa yanke hukunci sai shaidun sun yi ittifaƙi. Mu ma wannan ƙa'ida ce ta kamace mu. Wanda ya tabbatar da tsufan abin da ya gada, ya sani dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izini ba. Amana ce a hannunsa, ya kare ta daga laimar Legas da gara.