Macizai uku masu kama ɗaya da suka ruɗa masana

A dazuzzukan Indiya da kurmin Afirka da na Kudancin Amurka akwai wasu macizai sirara, masu tsinin baki, da ke lafewa a kan reshe har mutum ya ɗauka tsiro ne mai yaɗo. Ƙadangaru da ƙananan tsuntsaye suke dako. Masanan Turai na ƙarni na 19 galibi ba su taɓa ganinsu da rai ba. Gawarwaki ake aiko musu a kwalabe cikin barasa, launin duk ya koɗe, wani lokaci ma takardar da ke nuna asalin macijin ta ɓace. To, me zai hana ruɗani?

Tun daga masanin halittu Linnaeus aka fara. A 1758 ya laƙaba wa wani macijin Kudancin Amurka sunan ahaetulla, alhali mutanen Sri Lanka ne ke kiran nasu macijin haka. Har gobe wannan macijin, wanda ba ya cikin ukun nan, yana amsa Leptophis ahaetulla. Na Asiya kuwa sun daɗe ana kiransu Dryophis kafin a mayar musu da Ahaetulla, sunan da Link ya ba su a 1807. Wagler ya ware masu tsinin baki na Amurka a matsayin Oxybelis a 1830, Andrew Smith kuma ya raɗa wa na Afirka Thelotornis a 1849. Ɗaya daga cikin na Afirkan, Thelotornis kirtlandii, yana nan a kurmin kudancin Najeriya.

Da aka duba su da rai sai bambanci ya fito fili. Ƙwayar idon Ahaetulla da Thelotornis a kwance take, ta Oxybelis kuwa zagayayya ce. Ahaetulla haihuwa take yi, sauran biyun ƙwai suke sakawa. Binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar cewa zuriyarsu daban-daban ce, zaman kan reshe ne ya ba su siffa ɗaya.

Dafi ne ya fi tsada a wannan ruɗani. Da yake haƙoran dafinsu a can ƙuryar baki suke, an daɗe ana raina su gaba ɗaya. Na Asiya da na Amurka kam saransu bai cika wuce kumburi ba. Na Afirka kuwa dafinsa hana jini daskarewa yake yi, kuma ba a haɗa masa maganin sara na musamman ba. A 1975 wani Thelotornis ya sari Robert Mertens, babban masanin macizai na Jamus, ya yi jinyar kwana 18 ya rasu.

Rabon bai ƙare ba. A 2020 masu bincike a Indiya suka nuna cewa abin da aka daɗe ana kira Ahaetulla nasuta jinsuna ne da dama, suka bar wa na Sri Lanka sunan shi kaɗai. A shekarar ce kuma aka rarraba Oxybelis aeneus, wanda a da ake ɗauka jinsi guda ne tun daga Arizona har Brazil.