Dogon Maraɗi Da Kuɗin Da Ba Mu Gani Ba

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawan Ingila sun shimfiɗa dogon ne da fatan kwasar auduga zuwa masaƙunsu, sai manoma suka raja'a kan gyaɗa don ta fi kawo kuɗi. Tun lokacin, ba a shimfiɗa mana dogo sai da wata manufa a bayansa.

Bayan dogon Turawa ya lalace, gyaransa ya zama abincin 'yan kwangila. A 1995 gwamnatin Abacha ta ba kamfanin CCECC na Sin aikin gyara na sama da dala miliyan 500, amma jirgi bai farfaɗo ba. A 2006 Obasanjo ya ba kamfanin sabon layin Legas zuwa Kano kan dala biliyan 8.3. Gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar da shi a 2008, ana ƙorafi kan tsadarsa da yadda aka bayar da shi.

Yanzu dogon ya nufo mu. A Satumbar 2020 gwamnatin Buhari ta amince da layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kan dala biliyan 1.96. Manufar ita ce janyo kayan Nijar daga tashar ruwan Kwatano zuwa ta Legas. Amma da sojoji suka karɓi mulki a Yamai a Yulin 2023, Najeriya ta rufe iyakar da jirgin zai ratsa har Maris na 2024.

Kamfanin Mota-Engil na Fotugal ya sami aikin. A 2021 kamfanin CCCC na gwamnatin Sin ya sayi kusan kashi ɗaya bisa uku na hannun jarinsa. Shi wannan CCCC, Bankin Duniya ya hana shi kwangilolin tituna har 2017 saboda maguɗi a wani aiki a Filifins. Wannan ba hujja ba ce cewa an ci kuɗi a namu dogon, amma ya isa ya sa mu buɗe ido.

Mu a Yankwashi da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura muna son jirgin, don zai sauƙaƙa kai riɗi da dabbobi kasuwa. Sai dai da bashi ake aikin, kuma mu da 'ya'yanmu za mu biya. Dokar bayar da kwangila ta 2007 ta wajabta gasa a fili. Haƙƙinmu ne wakilanmu a Majalisar Tarayya su kawo mana takardun: su wa suka nemi aikin, nawa kowanne ya ce, kuma nawa ne ruwan bashin.