Turancin Kasuwar Lafiya Da Inda Ya Samo Asali

Yau ina so mu ɗan taɓa tarihin wani abu da kullum yake bakinmu, wato irin Turancin da muke yi a kasuwa da tasha. Da yawa daga cikinmu suna jin kunyarsa, suna ganin Turancin jahilai ne. Ni kuwa a ɗan karatun da na yi, na lura cewa Turancin nan yana da ƙa'idarsa, kuma yawancin ƙa'idar daga harsunanmu na gida ya ɗauko ta.

Da farko dai mai karatu ya sani cewa Hausa ta riga Turanci zuwa wannan ƙasa nesa ba kusa ba. Muhammadu Dunama, Babarbare, shi ya kafa garin nan a ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. Fataken Hausawa kuwa sun daɗe suna ratsa yankin, musamman don gishirin Keana da Awe, har Hausa ta zama harshen ciniki tsakanin Alago da Eggon da Gwandara da Migili da sauransu.

Da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja a 1900, aka ci Kano da Sakkwato a 1903, Turawa ba su tilasta wa talakan Arewa Turanci ba, da Hausa suka riƙa gudanar da yawancin mulkinsu. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a unguwar Nasarawa ta Kano a 1909 ma da Hausar boko ta fara. Saboda haka Turancin littafi ya yi jinkirin isowa gare mu. Wanda ya riga shi isowa shi ne Buroka, wanda aka haifa a bakin teku wajen ciniki da Turawa, har yau yana ɗauke da kalmomin Fotugis irin su "sabi" da "pikin". Layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi da Lafiya zuwa Kafanchan a shekarun 1920, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, ya taimaka ƙwarai wajen kawo shi tare da ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwar Kudu. To ka ga kakanninmu da kunne suka koyi Turanci, wajen tayi da sallamawa. Wanda kuwa ya koyi harshe da kunne, kalmomi yake tsinta, sai ya jera su yadda harshensa na gado ya saba jerawa.

Ga misalai. Bahaushe yana ninka kalma idan zai raba farashi: biyar-biyar, ɗari-ɗari. Shi ya sa mai doya zai ce maka "five five hundred", wato kowace ɗaya ɗari biyar. A Turancin littafi "each" ake sakawa a ƙarshe, ba a ninkawa. Haka "small small" da "quick quick" suke tafiya kafaɗa da kafaɗa da kaɗan-kaɗan da maza-maza. Mutum zai tashi daga shago yana cewa "I am coming" alhali fita yake yi, domin "ina zuwa" ce a ransa. Kalmar "ji" a wurinmu ta haɗa kunne da hanci da fahimta, sai ka ji ana tambaya "you hear Hausa?", ko a ce "I hear smell". Muna shan magani ko da ƙwaya ce, sai aka sami "drink medicine". Muna cewa wane ya ci kuɗi, sai aka sami "chop money". Idan wani ya yi tuntuɓe mukan ce "sorry" ko da ba mu muka ture shi ba, domin gurbin "sannu" muke cikewa, kamar yadda "well done" ta tsaya a gurbin "sannu da aiki".

Kada dai mu ce duk namu ne. Yarbawa da Inyamurai su ma suna da ninki da da yawa daga waɗannan salo a harsunansu, wannan ne ma ya sa abin ya zauna daram a ƙasar baki ɗaya. Akwai kuma inda Hausa ta ba mu sa'a. Mu muna bambanta "ya zo" da "ta zo", alhali Yarbanci da Ibo kalma ɗaya suke amfani da ita ga namiji da mace, don haka "he" da "she" ba su cika rikita Bahaushe ba. Inda muke tuntuɓe shi ne harafin p da v, waɗanda babu su a Hausa.

Abin bai tsaya nan ba, domin kalmomin Turanci da suka shigo Hausa su ma sai da suka bi doka. Babu p, sai aka sami famfo da fasinja da fensir. Hausa ba ta son baƙaƙe su cunkushe babu wasali, sai aka sami burodi da burki da fulawa. Sannan kowace kalma aka ba ta jinsi: mota ta lalace, tasha ta cika, amma kanti ya ƙone. Aka kuma yi musu jam'i irin namu: motoci, tashoshi, direbobi, kantuna, sojoji. Har aikatau muka ƙera, daga canji muka sami canza da canzawa. Tsofaffin 'yan kasuwa irin mahaifina har yanzu sukan ambaci fam da sule da sisi, kuɗin da aka sauya da naira a 1973. Shi kansa kwabo daga sunan jan ƙarfe a Turanci ya samo asali, ga shi har ya shiga sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939.

Duniya ma ta fara yarda da wannan Turanci namu. A 2017 BBC ta buɗe sashen Buroka, a 2020 kuma babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, cikinsu har da Kannywood da "next tomorrow", wato jibi.

To amma 'yan uwa, ga inda gizo ke saƙar. Mai duba takardar WAEC ko NECO ba ruwansa da wannan tarihi. Yaro ya rubuta "small small" ko "I hear smell", jan biro zai sha, kuma ba kiredit a Turanci ba shiga jami'a. Dariya da duka ba za su gyara shi ba, domin yaron ba da ka yake magana ba, ƙa'idar Hausa yake bi da kalmomin Turanci. Abin da zai taimake shi shi ne a ajiye masa jimlolin biyu gefe da gefe, a ce ga yadda Hausa take gina ta, ga yadda Turancin littafi yake gina ta. Wanda zai yi wannan kuwa sai ya san Hausar da kyau. Saboda haka iyayen da suke hana yara Hausa a gida wai don Turancinsu ya goge, su sake tunani, kada a yi biyu babu, yaro ya tashi da Ingausa, ba Hausa ba Turanci.

Masu shago da ke da ƙanne ko 'ya'ya a sakandare, a gwada wannan da daddare bayan an rufe shago, ko jimla biyar-biyar ce. Allah Ya sa mu dace, Ya yi wa kasuwa albarka, amin.